Ɗigo Uku a Kan Ƙusa

Tun ƙarfe sha ɗaya Auta ta zo ta zauna a bencin garejin, jaka a cinya, katin asibiti a hannu, kuma tun daga lokacin mahaifinta bai yarda sun haɗa ido ba. Ya share gaban rumfa, wanda ya riga ya share da safe. Ya jera sifanu bisa girmansu, ya wargaza, ya sake jerawa. Ya leƙa durom ɗin ruwan da yake gwada tiyub a ciki, kamar wani abu nasa ya faɗa. Da aiki zai faɗo daga sama a wannan lokacin, da hannu biyu zai tare shi.

Ƙarfe uku likita ya ba su. Karo na uku ke nan tana karɓo masa rana. A na farko ya ce aiki ya yi masa yawa. A na biyu ya ce ya manta, kuma abin haushin shi ne, a wannan karon gaskiya ya faɗa.

Baban Taya direbobi suke ce masa, har laƙabin ya danne sunan gaskiya. Shekara arba'in da ɗoriya yana durƙushe a ƙafar manyan motoci, yana faci, yana gyara rim, yana sauya boris da hob, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa. Amma abin da ya yi suna a kai shi ne noti mai taurin kai. In tsatsa ta kama notin taya ya gagari kowa a layin, wurinsa ake kawowa. Mutum ne da ya ƙarar da rayuwarsa yana yi wa direbobi faɗa cewa ƙaramar ƙarar da aka raina ita ke kwantar da mota a daji. Sai ga shi da aka zo kan nasa gyaran ya murza gashin baki ya ce lafiyarsa ƙalau. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Alhali ba ƙalau ba ne, shi ma ya sani. Ya taɓa ajiye makullin gareji a cikin firij. Ya kira jikansa da sunan ƙaninsa da ya daɗe da rasuwa, ba sau ɗaya ba. Wata rana da yamma ya tsaya a mahaɗar hanyar da ke kusa da gidansa, hanyar da ƙafarsa ta sani ko ido a rufe, yana duban hagu yana duban dama, har mai shagon kusurwa ya fito ya tambaye shi ko lafiya. Wannan bai faɗa wa kowa ba, mai shagon ne ya kai labarin gida. Tun daga ranar matarsa da Auta suka sa shi a gaba, har dai ya gaji ya kafa musu sharaɗi a gaban kowa.

"Kan da ke kwance noti ba abin da ya same shi," ya ce. "Ranar da noti ya gagare ni, ranar ku kai ni asibiti ko a baro ne. Kafin nan ku shafa min lafiya."

Auta ba ta yi musu ba. Ita ba mai musu ba ce, mai zama ce, kuma zamanta ya fi faɗan mutum goma nauyi. Yau ta ɗauki hutun rabin yini a wurin aikinta ta zo ta zauna. Shi kuwa tsoro yake ji, ba wani abu ba. Tsoron ɗaki mai sanyi da baƙon mutum mai biro zai tambaye shi yau wace rana ce, ya rasa amsa a gaban 'yarsa.

Wajen sha biyu saura kwata aka amsa masa addu'ar da bai furta ba. Wata tsohuwar gingimari ta shigo layin tana ɗingishi ta baya, ta zo ta tsaya daidai ƙofarsa tana huci. Buhunan gishiri ne a bayanta har sama, tamfol ɗin da aka rufa ya yage ta gefe. Wani dogon mutum ya diro daga gaba yana washe baki.

"Baba, ga ɗanka ya dawo."

Baban Taya ya dubi fuskar, bai tsinci komai a cikinta ba. Amma ya daɗe da samo dabarar irin wannan, dabarar da ke shiga kowace ƙofa.

"Kai ne? Ina ka shige haka? Ya iyali?"

"Lafiya lau, suna gaishe ka. Tayar ciki ce ta hagu ta baya ta sace. Kuma dole in kai kayan nan kamfani kafin huɗu, in suka rufe ƙofa sai Litinin."

Mai walda na shagon kusa, wanda ake kira Tartsatsi, ya ɗage baƙin gilashinsa ya leƙo. Sa'an Baban Taya ne, shekara talatin suna maƙwabtaka suna tsokanar juna, ba wanda ya taɓa cin wani.

"A'a, Guntu ne? Har yanzu ba ka daina tsawo ba?" Ya juya wajen benci. "'Yata, kin ga abin da ubanki ya roƙa ya samu. Yau sai dai likitan ya zo nan da kansa."

"Ina nan, Kawu," in ji Auta. "Saura awa uku."

Baban Taya ya riƙe sunan, Guntu, ya maimaita shi a ransa sau biyu don kada ya suɓuce. Ya sa itace ya tokare tayoyin gaba, ya zagaya hagu ya durƙusa. Kafin a kai ga tayar ciki sai an cire ta waje, su biyun kuwa noti goma ne ke riƙe da su. Da ya ga notocin sai da ya tsaki. Ruwan damina ya riƙa bi ta yagaggen tamfol yana wanko gishiri yana zubowa daidai kan wannan ƙafar, har tsatsa da gishiri da laka suka haɗu suka yi ɓawo. Ba ka gane inda noti ya ƙare, balle inda ƙusa, wato ƙarfe mai zare da notin ke ɗaure a kansa, ta fara.

Irin waɗannan tsofaffin motoci suna da wata ƙa'ida da ke kunyata sabon shiga. Notocin ɓangaren dama kamar na kowa suke, hagu ake murza su su kwance. Na ɓangaren hagu kuwa a juye aka yanka zarensu, dama ake murzawa. Wannan ne karatun farko da maigidansa ya koya masa, da dukan sifana a gadon baya. Sai dai wani lokaci hob na lalacewa a rasa na ɓangarensa, dole a ɗauko na dama a sa a hagu. In hakan ta kama, Baban Taya yana da al'adarsa da ba ya fashi: zai zaro wani ɗan ƙarfe mai tsini daga aljihun gaba, ya buga ɗigo uku a kan ɗaya daga cikin ƙusoshin, don wanda zai zo bayansa ya san baƙon hob ne. Shi ya sa a da, kafin ya ɗora sifana, sai ya bi kawunan ƙusoshi da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Yau kuwa idon Auta na bayansa, agogo na gabansa. Ya kankare gefen notocin sama-sama da buroshin waya, ya tsiyaya musu man birki, ya miƙe.

Man birki na son a ba shi lokaci ya ratsa. Minti biyar kawai ya iya ba shi, su ma a tsaye yana kaiwa yana komowa. Ya ɗora sifana a notin sama, ya zura bututun ƙarfe a hannunta, ya karkata shi dama, ya danna. Ko gezau. Ya gyara tsayuwa ya sake dannawa har jijiyar wuyansa ta fito. Ya koma na biyu, ya tsallaka na huɗu, ya dawo na farko. Duk goman sun yi shiru kamar sun haɗa baki.

"Gishiri ne," ya ce, ba tare da an tambaye shi ba. "Gishiri ba ya barin ƙarfe lafiya."

Ya ɗauko guduma ya riƙa kwankwasa gefen kowane noti, ba da ƙarfi ba, don tsatsar ciki ta farfashe. Ya ƙara mai. Ya shiga rumfa ya fito da babban bututu, wanda ya fi shi tsawo, wanda ba ya fitowa sai ranar yaƙi. Guntu ya duba agogon hannunsa, ya zagaya motar, ya dawo ya sake dubawa. Wayarsa ta yi ƙara, ya matsa gefe yana ba wani haƙuri. Tartsatsi ya bar ƙofar ƙarfen da yake haɗawa ya zo ya tsaya, hannu a ƙugu. Mai sayar da ruwan sanyi ma ya ajiye bokitinsa. Garejin da babu kowa ɗazu sai ga shi da 'yan kallo, kuma ba abin da Baban Taya ya ƙi jini irin 'yan kallo a kan aikin da bai faɗa ba tukuna.

"Baba," in ji Guntu a hankali, "ko in kira bakaniken ƙarshen layi? An ce ya sayo bindigar iska, injin nan mai kwance noti. Minti biyu ya zazzage su."

"Je ka kira shi. Amma ka tura motarka can, kada ka kawo min shi ƙofa."

"Wasa nake, Baba."

"Bindigar iska ta san tsatsa? Ƙara kawai ta iya, kamar mai ita."

Tartsatsi ya yi dariya. "Da tsohuwar zuma ake magani, Guntu. Sai dai wannan zumar ta fara daskarewa."

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Rana ta dawo daidai kan ƙafar motar, inuwar rumfa ta janye ta bar shi. Gumi ya jiƙa rigarsa har ta manne. Ya sa Guntu ya riƙe bakin sifana kada ta zame, shi kuma ya dafa jikin motar ya hau kan bututun da ƙafa biyu. Ya yi lilo. Bututun ya lanƙwasa kaɗan, notin ya yi wata 'yar ƙara, ya motsa kamar kaurin farce, ya sake cijewa.

"Ya motsa," in ji Baban Taya yana haki. "Kun ji shi? Ya motsa."

Ya motsa kam. Amma wani abu a tafin ƙafarsa bai yarda da motsin ba. Notin da zai kwance in ya motsa sai ya yi laushi, wannan kuwa ƙara tauri ya yi. Tunanin ya zo masa ya tsaya a bakin ƙofa, ya kusa shigowa, sai Auta ta taso da gorar ruwa.

"Baba, sha."

"Ba na jin ƙishi."

"Ɗaya da rabi. Daga nan zuwa asibitin minti ashirin ne in ba cunkoso."

"Kin ga na gama? Mutum ya kawo aiki, in bar shi a titi?"

"Ban ce ka bar shi ba. Na ce ka sha ruwa."

Ya karɓa ya sha, ya sha fiye da yadda ya yi niyya. Da ya juyo, tunanin nan ya tafi, ya bar masa gurbinsa kawai. Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai a 'yan watannin nan. Yana sanin cewa ya rasa wani abu, amma bai san ko mene ne ba, kamar mai laluben aljihu da ya manta abin da yake nema.

"Kawo wutarka," ya ce wa Tartsatsi.

Wuta ita ce makamin ƙarshe, kuma a nan hannunsa bai manta komai ba. Ya sa jak a ƙarƙashin gatari, ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya, ya ɗauke nauyin motar. Ya kwance bakin iskar tayar waje ya bar ta ta sace tas, don wuta da taya mai iska ba sa haɗa hanya; ya taɓa ganin abin da hakan ke yi wa mutum, bai kuma son sake gani. Ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa a kan roba. Tartsatsi ya turo tulunan gas ɗinsa a kan amalanke, ya kunna, ya daidaita harshen wutar har ya zama shuɗi.

"Notin kawai," in ji Baban Taya. "Kada ka taɓa min ƙusa."

"Yau ka fara ganina?"

Man birki ya yi hayaƙi mai ɗaci. Ɓawon gishiri ya riƙa tsagewa yana faɗuwa. Da notin ya fara ja, Baban Taya ya ce ya isa, ya ɗora sifana da sauri kafin zafin ya ratsa ciki, ya karkata babban bututu dama. Wannan karon bai tsaya lilo ba. Biyu saura kwata ce, mutum bakwai na kallonsa, 'yarsa na tsaye da kati a hannu. Ya hau, ya tattara nauyinsa da fushinsa da tsoronsa, ya dira a kan bututun.

Aka ji tas. Bututun ya tafi ƙasa da shi, ya faɗi a kan gwiwa da tafin hannu. Notin ya fice daga bakin sifana da guntuwar ƙusa a cikinsa, ya gangara ya tsaya a gaban takalmin Auta.

 Karya ƙusa ba ƙarshen duniya ba ne, kowane mai gyara ya taɓa yi. Amma kowa a layin ya san Baban Taya yana alfahari da cewa rabonsa da karya ƙusa tun yana yaron shago. Tartsatsi ya kashe wutarsa.

Auta ta zo za ta ɗaga shi, ya ɗaga mata hannu, ya miƙe da kansa. Sai ta sa gefen tsumma ta ɗauko notin, ta tsoma shi a durom ɗin ruwa ya yi cuu, ta miƙa masa. Ya karɓa don kawai ya sami abin da zai kalla ba fuskokin mutane ba. Babban yatsansa, wanda ba ya jiran umarni, ya shafa kan guntuwar ƙusar. Wuta ta ƙone ɓawon, ƙarfen ya fito fili.

Ɗigo uku ne a jere.

Ya matso da shi kusa da ido. Kowane ɗigo yana da ɗan gibi a gefe, bai cika zagaye ba. Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro ƙarfensa mai tsini. Bakin ƙarfen ya ɓantare ta gefe ɗaya, kuma a farkon shekarar nan ya ɓantare; wannan ya tuna, don sai da ya yi kwana biyu yana mita. Ya ɗora tsinin a cikin ɗigon, ya zauna daram.

Hob ɗin dama ne a ɓangaren hagu. Awa biyu ke nan yana ƙara ɗaure noti da dukkan ƙarfinsa. A da, noti biyu kawai za su ƙi motsi ya tsaya ya ce ruwa ba ya tsami banza. Yau goma suka ƙi, ya ɗora wa gishiri laifi.

Ya daidaita muryarsa gwargwadon iko. "Guntu, wa ya sauya maka hob ɗin nan?"

Guntu ya yi dariya, irin ta wanda ya samu sauƙi da aka dawo wasa. "Kai Baba, ba ka rabo da zolaya. Kafin damina fa. Kwana biyu na yi a bencin nan muna jiran a samo hob. Har ka ba ni labarin yadda ka haɗu da Mama a tashar mota, ta ce maka hannunka ya yi baƙi da yawa. Tun ranar ban sake jin ƙara a ƙafar nan ba."

"Haka ne," in ji Baban Taya. "Gwada ka nake."

Ya shiga cikin kansa ya nemi kwana biyun nan. Ya nemi fuskar dogon mutum a kan benci, ya nemi nauyin hob a hannunsa, ya nemi ƙarar guduma sau uku. Bai sami ko ƙura ba. Ba wai abin ya yi nisa ba ne ko ya dushe, babu shi ne gaba ɗaya. Makulli a firij ana iya cewa gajiya, sunan jika ana iya cewa suɓutar baki. Amma wannan aikin hannunsa ne, a ƙofarsa, da alamarsa, wata huɗu kacal. Abu ɗaya da ya rantse cutar ba ta taɓa ba, ashe ta daɗe da shiga ta zauna. 

Bai dubi Auta ba, amma ya san ta ji tambayar, ta kuma ji amsar.

Ya ɗauki sifana ya ɗora a noti na gaba, ya karkata bututun hagu. Tartsatsi ya buɗe baki zai yi magana, sai Baban Taya ya miƙa masa guntuwar ƙusar. Ya danna. Notin ya yi gardama, don shi da kansa ya ƙara masa tauri, sannan ya yi ƙara mai daɗi ya sake. Na biyu ya bi. Na uku sai da aka ɗan nuna masa wuta. Haka ya bi su a tsallake, sama da ƙasa, hagu da dama, har tara suka kwanta a jere a kan tsumma. Shi da Guntu suka zare tayar waje, suka jawo ta ciki. Wata doguwar waya ce ta shige ta. Biyu da minti ashirin.

'Yan kallo suka saki numfashi. Mai ruwan sanyi ya ɗauki bokitinsa yana cewa shi dama ya san za a yi haka.

"To, 'yata," in ji Tartsatsi, yana juya guntuwar ƙusar a hannu, muryarsa ba ta kai yadda ya so ba, "kin dai gani da idonki. Noti bai gagare shi ba."

Auta ta dubi mahaifinta. Gwiwar wandonsa ta yage, tafin hannunsa na tsattsafo jini. Za ta iya cewa abin da ta ji, a gaban kowa, kuma ba wanda zai ga laifinta. Sai ta buɗe jaka ta sa katin a ciki, ta ja zif.

"Na gani, Kawu. Ka ci, Baba. Sharaɗi sharaɗi ne." Ta rataya jakar. "Bari in koma wurin aiki. Ka wanke hannun nan da sabulu."

Da ta yi masa faɗa, da ya san yadda zai yi da ita. Wannan rufin asirin ne ya karya shi. Ya ga ta juya, ya ga yadda ta sunkuyar da kai tana tafiya a hankali, ya tuna ita ce yarinyar da take zama a kan tsohuwar taya tana miƙo masa noti ɗaya-ɗaya tana ƙirgawa. Wannan dai yana nan, bai tafi ba tukuna.

"Auta, tsaya."

Ya durƙusa a gaban hob ɗin da ya rage tsirara. Ya zaɓi ƙusa mai lafiya, ya goge kanta da buroshi har ta yi haske, ya ɗora ƙarfensa mai ɓantararren baki, ya buga guduma. Ɗaya, biyu, uku. Ya zurfafa su fiye da yadda ya saba. Sannan ya matsa ƙusa ta gaba ya sake buga uku, ya ƙara a wata.

"Wa kake yi wa alama haka?" in ji Tartsatsi. "Motar da ba mai taɓa ƙafarta sai kai?"

"Ni ɗin nake yi wa," in ji Baban Taya.

Ya miƙe da ƙyar, ya juya wajen direban. Sunan ya ɗan yi masa nisa, ya kamo shi.

"Guntu, je ka kira na ƙarshen layi. Ka ce in ji ni ya zo ya sa maka sabuwar ƙusa, ya yi facin, ya ɗaure. Ka ce masa hob ɗin dama ne, ya shafa kan ƙusa kafin ya ɗora bindigarsa. Za ka kai kamfani kafin huɗu."

Guntu ya tsaya yana kallonsa kamar bai ji daidai ba. Tartsatsi ne ya tura shi da kafaɗa ya ce ya yi sauri.

Baban Taya ya je durom ya wanke hannu da sabulu, ya daɗe yana cuɗawa, baƙin bai fita ba, dama bai taɓa fita ba. Ya cire makullin gareji daga wuya ya miƙa wa Tartsatsi, abin da bai taɓa yi ba a shekara talatin. Ya karɓi guntuwar ƙusar daga hannunsa ya jefa a aljihu.

"Wannan fa na mene ne?" in ji Auta.

"In likitan ya tambaye ni me ke damuna, kada in ce masa babu komai." Ya kakkaɓe rigarsa. "Fito da katin. Saura minti nawa?"

"Talatin da biyar."

"To mu je. Ke za ki shige gaba."